Kwalba Mai Jan Tsumma

A can Ingila inda na yi karatu, wani malamin harshe ya taɓa cika mana allo da kalmomin Turanci masu kwaikwayon ƙarar zuba ruwa: ta lokacin da yake fita daga bakin kwalba, da ta lokacin da yake faɗawa a kofi, da ta ɗigonsa na ƙarshe. Ya tambaye ni namu. Na ba shi ɓul-ɓul da tsululu da shaa, 'yan aji suka yi dariya, ni ma na taya su. A raina na ɗauka duk adon baki ne, nasu da namu, kuma kunne ba ya sanin abin da ido bai riga ya gaya masa ba. Da wannan shakkar na dawo Jazira, a nan ƙasar Sudan, da ita kuma na fara jin labarin Hadizatu mai gahawa. Tana zaune a wani kambo kusa da Kamlin, irin ƙauyukan 'yan ƙwadago da ke manne a gefen gonakin auduga, kuma mutanen wurin na cewa kunnenta ya taɓa hana a yi jana'izar rabin kambon a yini guda. Na san mutanenmu da ƙarin gishiri. Sai da na sha gahawarta sau da yawa kafin na yarda cewa a nan ba su ƙara komai ba, ragewa ma suka yi.

Ita 'yar ƙasar Sakkwato ce, daga wani ƙauye arewa da Wurno. Damina ɗaya ta yi a ɗakin mijinta Alhasan, da aka gama girbi ya ce ta ɗaure kayanta, Makka za su. Suka fito su uku da jaki, ita da shi da ƙanensa Ibrahim, suka shiga ayarin masu tafiya gabas a ƙasa. Sun wuce Barno, sun wuce Abashe, suna tsayawa inda aiki ya samu su yi guzuri su ƙara gaba. A Fashir kurkunu ya fito wa Ibrahim a idon sawu, ƙafar ta kumbura har ba ta taka ƙasa. Ayari kuwa ba zai tsaya ba, don rijiyoyin gaba sun kusa ƙafewa. Alhasan ya kai shi zauren wani mahauci Bahaushe, ya ajiye masa rabin geron da ya rage musu, ya tsuguna a gabansa. Hadizatu na tsaye a bakin ƙofa riƙe da igiyar jaki, don haka komai a kunnenta aka yi.

"Ka jira ni nan," in ji Alhasan. "In na sauke farali zan biyo ta kanka."

Ibrahim ya ce, "To, Yaya."

Ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya zauna mata a rai ba maganar ba ce, tafiyar ce: tun daga bakin zauren har suka fita garin, Alhasan bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ya kuma cin nama bai rage mata ba. Mutum ne dai da ya ƙudurta a ransa cewa wanda ba ya iya kai kansa, Allah bai ɗora masa hanya ba, wanda kuma ya tsaya dominsa bai amfane shi da komai ba.

Sun iso Jazira ana tsakiyar tsinkar auduga, suka ce bari su yi kaka ɗaya su farfaɗo. Haka kowa a kambon ya ce ranar da ya iso. Alhasan ya kama aiki a hawashar wani Balarabe, wato gonar da hukumar noman auduga ta yanka masa. Shi ne ban ruwa, shi ne noma, in an girbe dawa a raba. Suka gina ɗakin laka da rumfa a gabansa, ba su taɓa yi masa yaɓe na kirki ba, don a cewar Alhasan wucewa suke yi. Ta haifi huɗu, zazzaɓi ya ɗauki uku. Wadda ta rage, Nawal, ta girma tana jin Larabci fiye da Hausa, aka kai ta aure can sama a Abu Na'ama. Kowace shekara da abin da ke cinye tafiyar: bana tsutsa ta ci auduga, baɗi jinya, shekarar gaba biki. Furfura ta fito musu suna kan hanya.

Bayan bikin Nawal idon ya fara. Ba yana ba ce, wadda kowa zai hango farinta a ƙwayar ido ya ce sannu. Ido na nan baƙi, lafiya lau ga mai kallo. Duniyar ce ke tsukewa daga gefe da gefe, kamar ana jan bakin jaka a hankali. Da farko kaji ne ke ɓullo mata a ƙafa ba ta ga zuwansu ba. Daga baya sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga wanda ke zaune kusa da ita. Sannan launuka suka fara koɗewa, musamman a inuwa, har ja da shuɗi da baƙi suka zame mata abu ɗaya mai duhu. Ta sha kwalli har ta gaji. Ta karɓo rubutu a kan cewa ciwon kai ke damunta, ta shafe idon da shi a ɓoye. Jakar ba ta daina tsukewa ba.

A wannan shekarar ce, tsakiyar shekarun sittin, Alhasan ya shigo wata la'asar yana fara'ar da ta manta yana da ita. Ya ce ya ba Malam Abdulmuttalib, limamin kambo wanda zai ja tawagar bana, sunayensu su biyu. Lori zai kai su Hartum, jirgin ƙasa ya kai su bakin teku, daga Sawakin sai jirgin ruwa. Ta ce alhamdu lillahi. Da ya fita ta zauna ta auna abin da ya rage mata. Hasken bai fi faɗin faifai ba, amma ya isa ganin Ka'aba in aka tsayar da ita a gabanta. Abin da take buƙata ɗaya ne, ta hau jirgin ruwa kafin ya sani. Daga tsakiyar teku ba a mayar da mutum.

Sai ta miƙa gidan ga kunnenta. Kowane abu ta ba shi wurinsa, ba ta yarda ya kwana a wani wuri ba. Ta kuma gano cewa duk abin da ake zubawa yana faɗin sunansa, kuma mazubin yana faɗin inda aka kai. In ta juye garwa a randa, muryar daga ƙasa take farawa, mai kauri kamar ta dattijo, tana hawa tana sirancewa, in ta koma ta yarinya to randa ta cika. Gahawa daga bakin jabana, ɗan tulun yumɓun da ake dafa ta, tsululu take sauka a finjali, da wani ɗan canji a ƙarshe wanda in ka wuce shi ka ƙona yatsan baƙo. Kananzir mai gaggawa ne. Nono da nauyi yake faɗuwa. Man riɗi kuwa, wanda Alhasan ke sayowa a Kamlin inda raƙumi ke juya turmin matsa, malalaci ne: kwalba ta yi ɓul, ta yi shiru kamar mai jan numfashi, ta sake yin ɓul, shi kuma ya sauka dalala ba ƙara.

Zuwa tur'a, babbar hanyar ruwan da ta ratsa gonaki, a bayan Ramatu take yinsa. Ramatu maƙwabciyarta ce, matar Jibo, mace mai bakin da ba ya hutawa, ga garwarta da wata waya mai kaɗawa a hannu. Mai bin Ramatu ba ya ɓata. A gonar auduga ma layi ɗaya suke kamawa, hannun Hadizatu na lalubo ƙulli, abin da ya kuɓuce mata Ramatu ta tsinke tana tsiya.

"Hajiyar gobe ta fara raina auduga. Halas, shi ke nan, bar mana mu talakawa, ke zinariyar Jidda za ki tsinka."

"Ki yi ta surutu. In na dawo ko dabino ba ki samu."

"Dabinonki! Ni zobe nika so, mai dutse."

Dariya suke yi su wuce. Ramatu na ganin komai a kambon, wa ya shiga ina, wa ya fito da me, amma abin da ke tafiya a bayanta kullum safiya ba ta gan shi ba.

A waɗannan shekarun ne jirgin feshi ya zama ɗan gida. Tayyara suke ce masa. Da sassafe yake zuwa, ƙasa-ƙasa har kana hango kan matuƙin, ya bar wani farin hazo a kan auduga wanda iska ke kaiwa har cikin kambo. Bayan wucewarsa kifi kan taso a tur'a ciki sama, balbela ta ci ta kasa tashi. Jibo ya taɓa samo gangar maganin wadda ta ƙare, ya wanke ta da toka da yashi har hannunsa ya yi ja, ya raba ta biyu ya yi wa awakinsa kwami. Sun sha da hantsi. Kafin la'asar suna kwance suna shure-shure, kumfa na fita a baki. Hadizatu ba ta ga wannan sosai ba, ta dai ji shi ta katanga, ƙarar kofato na kartar ƙasa har ta yi shiru. Duk da haka mutane ba su daina neman maganin ba, domin ba abin da ke kashe kuɗin cizo da kaskar jaki kamarsa. Kowa ya san wani da ya san mai yi wa jirgin lodi.

Ana saura kwanaki kaɗan tafiya, Alhasan ya dawo wata rana da hantsi da kwalba a aljihun jallabiyarsa. Irin kwalbar sharba ce da kowane gida ke zuba mai a ciki, da igiya a wuya don ratayewa, da tsumma a baki. Ya ce gadaje zai yayyafa wa kafin su bar wa Jibo ɗakin, kada a ce sun tafi sun bar wa mutane ƙwari. Ya ɗaga ta a gabanta a inuwar rumfa, ya riƙe ta a nan fiye da yadda ake buƙata.

"Dije, kin ga wagga? Mai jan tsumma ce. Ta man girki shuɗin tsumma gare ta. Kada hannu ya kai."

"Na gani, Malam."

Abin da ta gani wata doguwar inuwa ce. Ta saurari takunsa zuwa ginshiƙin gabas na rumfa, ta ji kwalba ta daki itace inda ya rataye ta. Ta ajiye wannan a kanta. Gabas guba, mai kuwa yana inda yake kullum, a ƙasa, gefen murhu. Ba ruwanta da launi.

Jajibirin tafiya aka yi karama, sadakar abincin da mutanen ƙasar ke yi in abin alheri ya samu, wadda namu suka ɗauka tun tuni. Alhasan ya yanka rago, aka aro babbar tukunyar ƙarfe ta bukukuwa. Tun da safe mata suka cika gidan. Ita kuwa aka shigar da ita ɗaki aka zaunar, wai mai tafiya Makka ba ta girki, aka ɗaura mata lalle a ƙafa. Mura ta kama ta tun makon da ya wuce saboda ƙurar auduga, hancinta a toshe. Daga inda take zaune tana jin rumfarta na sauya kama: ana jan turmi, ana kafa sabbin duwatsun murhu, ana ƙarar kwanuka da kwalabe. Ta so ta tashi, masu lalle suka danne mata gwiwa.

Gab da azahar Ramatu ta leƙo. Miyar kuɓewa da nama ta nuna, saura man da ake zubawa a ƙarshe don ta yi sheƙi, kuma wannan sai uwar gida da hannunta.

"Hajiyar gobe, fito ki sa muna albarka, maza sun fara taruwa."

Ta fito tana taka gefen ƙafa. Rumfar cike take da hayaƙin karan dawa da tururin barkono, ba ta ganin komai sai jan wuta a ƙasa. Ta durƙusa gefen murhunta, ta miƙa hannu inda mai yake kullum. Kwalabe ta taɓa, ba ɗaya ba. Ta ɗauka Ramatu ce ta kawo nata gudummawa. Ta ɗauki ta kusa, nauyinta daidai, igiyarta daidai, ta zare tsumma, ta yi bisimilla, ta karkata ta a kan tukunya.

Ɓul-ɓul-ɓul-ɓul.

Ba numfashi tsakani. Wuyan hannunta ya miƙe da kansa tun kafin hankalinta ya iso. Ta tsaya riƙe da kwalbar, mata na ta hayaniya a bayanta, ludayi na kai da komo a tukunya. Ta kai bakin kwalbar hanci, ba ta ji komai ba sai hayaƙi da wani ɗan ɗaci can ƙarshen maƙogwaro, wanda zai iya zama na mura. Ta murza yatsa a bakin. Ba santsi, sai sanyi.

"Ramatu, hayaƙi ya cika min ido. Duba min tsumman nan, wane iri ne?"

"Ja. Ni nas sauko da su duka daga ginshiƙai, kada wuta ta lashe igiya. Amma Dije, man ga naku an cuce ku, da ruwa anka haɗa shi. Wani fari-fari ya yi a saman miya, sai da na juya ya ɓace. Ƙara mana, wannan ɗan abin mi zai yi?"

Daga waje, bayan katangar zana, wata ƙarar zuba ta taso. Buta ce ke zagaya maza, ruwa na sauka a hannu yana faɗawa a tasa, a tsaya, a matsa ga na gaba. Ta san muryar wannan butar, tata ce. Tana iya jin inda aka kai a da'irar. Kusa da ita kuma, a bakin rumfa, yara sun yi cirko-cirko suna kaɗa kwanukansu.

Tunani ya zo mata a jere, kowanne da fuskar mai ba da shawara. Kaɗan ne ya shiga, tukunyar kuwa ta ishi kambo, watakila wuta ta ƙone shi, watakila ba wanda zai ji ko ciwon ciki. Sai ta tuna Jibo ya wanke gangarsa da toka da yashi. To ta yi tuntuɓe ta kifar da tukunyar, a ce tsautsayi. Sai ta tuna inda take: ba a zubar da naman rago a kambo, tsince shi za a yi a ɗauraye a mayar kan wuta, abin da ya jiƙa ƙasa kuma kaji da karnuka su bi. Ba hanyar da za a hana cin wannan miya sai an faɗi abin da ke cikinta. In an faɗa kuwa, Alhasan zai tambayi yadda mai ido ta ɗauki ja a maimakon shuɗi, bayan ya nuna mata da rana ta ce ta gani. Jirgin ruwan yana nan, saura ƙiris. Ta ji ƙarar ludayi ya daki bakin akushi na farko.

Ta lalubo murfin ta kifa a kan tukunyar, har ya kama ludayin Ramatu, ta ɗora hannu biyu a kai duk da zafinsa.

"Ba mai cin wannan. A kira min Malam."

Ramatu ta fara cewa rowa ta motsa tun ba a je Makka ba, sai ta dubi fuskarta ta haɗiye sauran. Alhasan ya shigo, mata suka ja mayafi suka ba shi hanya. Ta gaya masa ba kwana-kwana: maganin tayyara ta zuba a miya. Bai yi faɗa ba. Ya kira Jibo da wasu maza, suka sa sanda a kunnuwan tukunyar suka fita da ita can bayan kambo, nesa da tur'a, suka haƙa rami mai zurfi suka binne miyar da ludayin da akushin, suka ɗora ƙaya. Da ya dawo ta ce masa hayaƙi ne ya rufe mata ido, kowa ma ya ga yadda rumfar take. Matan suka ce wallahi haka ne, malesh, a yi haƙuri, Allah ya kiyaye gaba.

Alhasan ya sunkuya ya ɗauki kwalabe biyu, ya fita tsakar gida inda rana ke dukan ƙasa, ya kira ta. Ta fito. Hasken ya doke ta, faifan nata ya cika da walƙiya.

"Nan ba hayaƙi," in ji shi. "Wacce ce mai ja?"

Tana iya canka, dama ko hagu, ta dace ko ta faɗi. Har ta fara ɗaga hannu. Amma ta shekara tana sauraren abubuwa suna faɗin abin da ke cikinsu, kuma ta ji a muryarsa cewa ba tambaya yake yi ba. Ta sauke hannun.

"Zuba kaɗan a ƙasa in ji."

Can ta ji Ramatu ta zauna daɓas a kan turmi, ta ce a hankali, "Ashe shi ya sa kullum kina bayana."

Baƙi sun ci kisra, siririyar gurasar ƙasar, da tuwon dawa da yaji da albasa, aka bi da shayi. Ba wanda ya yi ƙorafi. Malam Abdulmuttalib ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ja Alhasan gefe, amma ba nesa da kunnen Hadizatu ba. Ya ce masa makaho mai ɗan jagora hajji bai faɗi a kansa ba, kuma ba jagoran da ya fi miji. Ya ce akwai mata a tawagar da za su riƙe ta a jirgi, shi dai ba zai cire sunan kowa ba. Alhasan ya ce ya ji, zai duba.

Da gari ya waye tana tsugune tana dafa gahawa ta ji shi a ɗaki yana kwance bakin buhun tafiya. Ta ji ya zaro ƙullinta, wanda ta sa farin zanen da ta ɗinka da 'yar butarta, ya ajiye a kan gado. Ya fito ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Dije."

"Kada ka faɗi maganar Fashir. Nemi wata."

Sannan ta tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun girbin dawa, ranar da ta miƙa masa ruwa inda ba ya nan.

"Ka sani, kas sa ma guba launi?"

Wannan bai amsa ta ba, ranar ko bayanta. Ta jira. Garwashi ya yi ta ƙara a ƙarƙashin jabana. Ya yi gyaran murya kamar zai kawo wani abu, ya nema bai samu ba, ƙarshe ya faɗi wadda yake da ita: ta jira shi nan, in ya sauke farali zai dawo ya kai ta asibitin ido a Hartum, baɗi su koma tare. Ba ta ce to ba. Ta ɗaga jabana ta zuba masa, tsululu, ta tsaya daidai bakin finjali ba ɗigo ɗaya a waje. Ya sha. Lori ya yi oda a bakin gada.

Da ƙarar lorin ta ɓace ta tambayi Ramatu ko ya waiwayo. Ramatu ta ce ƙwarai, ya yi ta waiwaye har suka sha kwana. Muryar Ramatu in tana ƙarya sirancewa take yi, kamar randa ta kusa cika.

Waɗanda suka dawo sun ce ya yi hajjinsa lafiya, ya tsaya a Madina zai yi shekara ɗaya yana ɗiban ruwa. Shekarar da ta biyo wani ya ce ya gan shi a Jidda. Daga nan labari ya yanke. Nawal ta zo ta tafi da ita Abu Na'ama, ta yi damina ɗaya ta ce a mayar da ita, wai kogin can ba ya barin mutum ya ji randarsa. Ta dawo ɗakin da ba a yi wa yaɓe ba, Jibo ya gyara mata rufi. Faifan hasken ya koma kamar kwabo, daga baya ya rufe.

Yanzu a ƙarƙashin wata darbejiya take zama a bakin gadar tur'a, tana sayar wa direbobi da masu tsinkar auduga gahawa. Ba kwalabe biyu masu kama ɗaya a wurinta. Ba ta yarda a zuba komai a bayanta, ko da ruwan alwala ne, sai ta dakatar da hira ta tambayi mene ne. Yaran da suka kaɗa kwanuka a bakin rumfarta sun zama magidanta, su ne ke kawo mata gawayi da ruwa ba ta roƙa ba. Tayyara na nan tana wucewa da sassafe, kuma har yau a gidaje da yawa na kambon akwai wata kwalba rataye a ginshiƙi.

Ranar ƙarshe da na zauna wurinta na tuna allon malamin nan, na ce, "Iya, ƙarar nan da kika ji, in za ki kwatanta min ita, yaya take?"

Sai da ta cika min finjali ta ajiye jabana.

"Ba ta da wani abin tsoro, ɗana. Irin ta ruwan sanyi ce, wanda ake zuba ma baƙo in ya sha rana. Da a kofi na ji ta, da na miƙa maka."